Baƙuwar da ke cin tana: nazarin lamarin tsutsar Niyu Zilan a gonakin Ailan ta Arewa

A cikin shekarun 1980, wani masanin ƙwarin gona mai suna Rod Blackshaw, ma'aikaci a hukumar aikin gona ta Ailan ta Arewa, ya kafa wani gwaji a wata gonar ciyawa kusa da birnin Belfast. Akwai wani gari da ake yi da tsiron teku, mai sinadarin farar ƙasa, wanda ake sayar wa manoma don gyaran ƙasa. Shi kuma so yake ya ga ko zuba garin zai shafi yawan tana a cikin gonar. Ya riƙa dawowa lokaci bayan lokaci yana ƙirgawa. Tun ana samun tana da yawa har aka koma samun kaɗan, daga baya ma aka kai ga ana dubawa ba a samun ko ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Yayin da tanar ke ƙarewa, wata halitta na ta ƙaruwa a gonar: wata tsutsa mai faɗi, mai santsi, wadda ba 'yar ƙasar ba ce. An san da zamanta a Belfast tun 1963, lokacin da aka fara tsintar ta a lambunan gidaje, amma aka shafe sama da shekara ashirin ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai sai masu sha'awar tattara halittu. Rahoton da Blackshaw ya fitar a 1990 shi ya sauya wannan kallo. Daga ranar, maganar ta tashi daga lambun fure ta koma gona.

Wace ce wannan baƙuwa

Sunanta na kimiyya Arthurdendyus triangulatus. An raɗa mata shi a 1999 don tunawa da Arthur Dendy, masanin halittun da ya fara bayyana ta a rubuce a ƙarshen ƙarni na 19 daga yankin birnin Christchurch na Niyu Zilan. Asalinta tsibirin kudu na Niyu Zilan, inda take zaune ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a dazuzzuka masu sanyi da laima. Danginta kuwa mun san su sarai. Tsilar da ke zama a hanji, da tsutsar da mahauta ke gani a hantar shanu, da wadda ke kawo tsargiya, duk gida ɗaya suka fito da ita. Sai dai waɗancan a jikin wani suke raɓewa su ci, ita kuma da kanta take fita farauta a doron ƙasa.

Wanda ya san matsattsaku zai iya kwatanta ta, illa ita a shimfiɗe take kamar ganye, kuma jikinta ba shi da zobe-zoben nan irin na tana. Babbarta in ta miƙe takan kai santimita 15 zuwa 20, faɗinta kamar santimita 1. Bayanta launin makuba ne mai duhu, gefunanta da cikinta fari-fari da ɗige-ɗige. Da rana za ka same ta a naɗe kamar gammo, cikin yauƙi mai danƙo, ƙarƙashin dutse ko katako ko leda ko gindin tukunyar fure. Da dare take fita.

Yadda take cin abinci abu ne da ya kamata a tsaya a kansa. Bakinta ba a kai yake ba, a tsakiyar cikinta yake. In ta riski tana sai ta hau kanta ta nannaɗe ta, yauƙin nan ya riƙe ta gam. Sannan ta turo wani bututun maƙogwaro waje, ta zuba ruwan narkar da abinci a jikin tanar tun da ranta, naman ya narke ya zama ruwa, ta zuƙe. Da safe ba abin da zai rage sai ɗan shafe-shafen danƙo da ƙasar da ke cikin tanar. Babu gawa, babu ganyen da aka ci, babu rami a kara. Manomin da fara ta sauka a gonarsa ya san ranar da ta sauka. Wannan kuwa sai ta shekara goma a gona mai ita bai sani ba.

Abin da guda ɗaya ke ci bai wuce kimanin tana ɗaya a mako ba, kuma wannan ba wani yawa ba ne. Abin da ya sa ta zama bala'i wasu halaye ne da ta haɗa. A al'adar mafarauci da abin farautarsa, in abinci ya ƙare yunwa kan kashe mafarautan, sai abin farautar ya samu sarari ya farfaɗo. Ita wannan in tana ta ƙare sai ta fara cin jikinta, ta yi ta ƙanƙancewa, kuma takan iya wuce shekara guda ba ta ci komai ba. Duk ranar da tana ta fara dawowa, ga ta nan zaune tana jira. Mata-maza ce kuma, kowace ɗaya na iya yin ƙwai. Ƙwan wani ƙulli ne baƙi mai sheƙi kamar ƙwayar wake, da ke fasa fatar bayanta ya fito, raunin ya warke. A cikin kowane ƙulli akan samu 'ya'ya kamar shida. In ya faɗa cikin ƙasar tukunya, sai mai ido sosai zai bambanta shi da tsakuwa. Ga shi tsuntsaye ba su cika son ta ba saboda yauƙinta, wanda har fatar mutum yakan sa ƙaiƙayi.

Rauninta ɗaya ne babba: zafi. Inda ta fi jin daɗi shi ne tsakanin digiri 12 da 15 a ma'aunin Salshiyas, kuma in zafin ƙasa ya haura 20 ya daɗe a haka, mutuwa take yi. A Kano ko Maraɗi ba za ta kai labari ba. Ailan kuwa, inda ko a tsakiyar bazara matsakaicin zafi bai cika wuce 15 ba, kuma ruwa ke sauka kusan kowane wata, kamar don ita aka yi ƙasar.

Abin da tana ke yi wa manomin Ailan

A ƙasar Hausa tana abar damina ce. Yara kan tono ta a bakin fadama su sa a ƙugiya, kaji su tsince ta bayan ruwa. Babban aikin huda ƙasa da jan ɓuntu da kara zuwa ciki, a busassun gonakinmu gara ce ke yin mafi yawansa, shi ya sa manoman Tawa da ke haƙa ramukan tassa su zuba taki suke murna in gara ta shiga. To, abin da gara take a can, shi tana take a Ailan, har ma fiye. Sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasar noma a Ailan ta Arewa ciyawa ce. Arzikin manomi madara ne da naman shanu da tumaki, kuma duk daga ciyawa suke fitowa. Gonar ciyawa takan yi shekaru ba a sa mata garma ba. Duk wani juya ƙasa da za a yi a waɗannan shekaru, tana ce za ta yi shi.

Masana sun kasa tana gida uku, kuma duk wanda bai riƙe wannan rabon ba ba zai gane lamarin nan ba. Akwai ƙanana da ke zaune a sama cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu. Suna saurin haihuwa, suna saurin mutuwa. Akwai masu zama cikin ƙasa, suna cin ta suna huda ta a kwance, ba su cika leƙowa waje ba. Sai na uku, manya, masu haƙa rami a tsaye kamar rijiya. Sarkinsu shi ne Lumbricus terrestris, wadda raminta kan kai zurfin mita ɗaya zuwa biyu, kuma a rami ɗaya take zama shekara da shekaru. Da dare sai ta fito da rabin jikinta, wutsiya na cikin rami, ta jawo ganye da busasshiyar ciyawa zuwa ƙasa.

Waɗannan ramuka su ne magudanun ruwan gona. A ƙasa mai laka da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ta nan ruwa ke nutsewa, ta nan iska ke shiga, ta nan saiwa ke bi ta yi zurfi. Kuma wannan babbar tanar ita ce ta fi kowacce shiga hatsari. Ƙofar raminta a buɗe take, baƙuwar na iya bi ta shiga. A sama take kiwo, a sama take barbara, kuma da dare, daidai lokacin da mafarauciyar ke yawo. Ga jinkirin girma, don takan kai shekara kafin ta isa haihuwa, ƙwanta kuma kaɗan ne. Abin da ya ƙara dagula lamarin, in bazara ta yi zafi ko ƙasa ta bushe, cikin waɗannan ramuka masu zurfi baƙuwar ke sauka ta fake. Gidan wadda ta cinye shi ne mafakarta.

Daga tukunyar fure zuwa makiyaya

Akasarin masana sun tafi a kan cewa cikin ƙasar da ke jikin saiwar shuke-shuken ado ta iso Birtaniya. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi daga baya ya nuna ba sau ɗaya ta shigo ba, an yi ta shigo da ita ne a lokuta daban-daban. Bayan Belfast a 1963, an gan ta a lambun tsirrai na masarauta da ke Edinbara, babban birnin Sikotlan, a 1965. Brian Boag, wani masani a cibiyar binciken amfanin gona ta Sikotlan da ke kusa da Dundee, ya bi sawunta shekara da shekaru, kuma hanyar da ya gano a fili take: daga manyan lambunan tsirrai zuwa wuraren rainon dashe, daga nan zuwa shagunan sayar da fure, daga shago zuwa lambun gida, daga lambun gida zuwa gonar da ke bayan shinge. Maƙwabciya ta ba maƙwabciya dashen fure don zumunci, ba ta san da ƙwai uku a gindinsa ba.

Da ta shiga gona kuma sai ta samu wata motar. Manoman can suna yanke ɗanyar ciyawa su naɗe ta dunƙule-dunƙule cikin baƙar leda, su jera a gefen gona don abincin shanu na hunturu. Ƙarƙashin irin wannan dunƙule akwai duhu da laima da sanyi, duk abin da take so. Sai ta manne a jikin ledar, a ɗauki dunƙulen a sayar wa wani manomi a wata gunduma. Haka ma takin shanu da aka tara, da ƙasar da ke maƙale a tayar tarakta. Da ƙafarta ma ba ta da nawa kamar yadda ake zato, don a gwaji an auna ta tana tafiyar mita 17 a awa guda.

Alƙaluman da suka fi tayar da hankali daga Ailan ta Arewa suka fito. A binciken da aka yi a 1991, an same ta a kashi 4 cikin 100 na gonakin ciyawar da aka duba. Da aka sake zagayawa a 1998 zuwa 1999, sai aka same ta a kashi 70. Ko da an yi rangwame an ce masu binciken na biyu sun fi sanin inda za su duba, tazarar ta yi yawan da ba za a ɗora ta a kan wannan kaɗai ba. Cikin ƙasa da shekara goma ta tashi daga baƙuwa ta zama 'yar gida.

A tsibiran Faro, waɗanda ke ƙarƙashin Denmak a arewacin tekun Atlantika, an fara ganin ta a 1982. Manoman can suna da wata dabarar shuka dankalin turawa: su yanko fallen ƙasa da ciyawarsa, su kifa shi a kan irin. Wannan kifaffen falle ya zame mata ɗaki shiryayye. Masu bincike biyu, Ole Christensen da Janice Mather, sun ga gonakin dankali inda ta yi yawa har tana ta ƙare ƙaf. A yammacin Sikotlan kuma, wajen garin Dunoon, Boag ya lura da wani abu daban. Akwai wata 'yar dabba 'yar uwar jaba da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa, abincinta tana, kuma ana gane zamanta da tulin ƙasar da take turowa sama. A gonakin da baƙuwar ta mamaye, waɗannan tulin ƙasa sun ɓace. Bushiya da tsuntsaye da yawa su ma da tana suke ciyar da kansu da 'ya'yansu.

Tsakanin kururuwa da sakaci

A farkon shekarun 1990 jaridun Birtaniya sun yi ta kururuwa cewa tana za ta ƙare a ƙasar baki ɗaya. Hakan bai faru ba. Da aka ci gaba da bibiyar gonakin da abin ya shafa, sai aka ga a wurare da dama tana kan ɗan farfaɗo, yawan baƙuwar ya sauka, daga baya kuma ya sake hawa, suna ta kai da komo. Ciyawa ba ta daina fitowa ba, shanu ba su daina ba da madara ba. Sai mutane da yawa suka koma ɗaya gefen, suka ce ashe dama hayaniya ce kawai.

A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure iri ɗaya, wato ƙirga tana a dunƙule kamar duk abu guda ce. Aikin da ya warware wannan shi ne na Archie Murchie da Alan Gordon, na cibiyar binciken noma da abinci ta Ailan ta Arewa, wanda aka buga a 2013. Ba su tsaya kwatanta gona mai tsutsa da marar tsutsa ba, don gonaki biyu kan bambanta ta fuskoki da yawa. Sai suka yanka fili ɗaya gida-gida, suka sarrafa yawan baƙuwar a kowane yanki da hannunsu, suka auna abin da ya samu kowane irin tana. Sakamakon ya nuna cewa a yawan da bai kai tsutsa ɗaya a kowane murabba'in mita ba, wato 0.8, jimillar nauyin tana na raguwa da kimanin kashi 20 cikin 100. Wanda ya ji kashi 20 zai ce da sauƙi. Amma da aka duba ina ragin ya faɗa, sai aka ga kusan duk a kan masu zurfin rami ne, waɗanda suka ragu da kimanin kashi 75. Ƙananan na sama da masu huda a kwance ba su ji jiki sosai ba.

Ga ma'anar wannan a gona. Mutum zai sa shebur ya juya ƙasa, ya ga tana na motsi, ya ce lafiya lau. Alhali mai haƙa rijiyar ta tafi. Ramukan da ta bari ba sa rufewa a rana ɗaya, sukan yi shekaru suna aiki kafin kofaton shanu da nauyin tarakta su toshe su, kuma babu mai haƙa sababbi. Sannu a hankali ruwa zai fara kwanciya a inda da ba ya kwanciya. Ƙasa mai jiƙe ba ta ɗaukar nauyin saniya, kofato na dagula ta, sai a shigar da shanu ɗaki da wuri a fitar da su a makare, kowace rana a ɗaki kuma kuɗin abinci ne. Ciyawar fadama da dabba ba ta ci sai ta fara kutsowa. Kashin shanu ya daɗe a sama bai nutse ba. Manomi zai ɗora laifin a kan yawan ruwan sama ko nauyin injinan zamani, kuma yana da gaskiya ta wani gefen, don duk suna da hannu. Nan ne wahalar lamarin take. Asara ce da ba ta zuwa da sunan mai ita, shi ya sa ba wanda ya taɓa iya ɗaukar ta ya kai gaban hukuma ya ce ga abin da tsutsar nan ta ci mini bana.

Amma darajar tana a fili take ga wanda ya auna. Wani nazari da Jan Willem van Groenigen da abokan aikinsa suka fitar a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa daga sassan duniya, ya nuna kasancewar tana a gona na ƙara amfani da kimanin kashi 25 cikin 100 a matsakaici. Wani kuma na 2023, ƙarƙashin jagorancin Steven Fonte, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 6.5 na hatsin duniya albarkacin tana ake samun sa, kuma a Afirka kudu da Sahara rabon ya kai kusan kashi 10, saboda manoma da yawa ba su da takin zamanin da zai rufe giɓin.

Babbar hujja ma daga Niyu Zilan ɗin kanta ta zo. Da Turawa suka sare dazuzzukan ƙasar suka mai da su makiyaya, tanar ƙasar ta asali ta ja da baya, aka bar filaye da yawa babu tana. A irin waɗannan filaye matacciyar ciyawa kan taru a sama ta yi kauri kamar tabarma, ruwa ba ya shiga sosai, taki na zaune a sama. Wani masani mai suna Stockdill ya riƙa yanko fallen ƙasa mai ɗauke da tanar Turai yana dasawa a cikinsu. Cikin 'yan shekaru tabarmar ta narke, ciyawa ta ƙaru da kusan kashi 70 a farko, daga baya ƙarin ya daidaita tsakanin kashi 25 da 30. Wato manoman Niyu Zilan sun ga da idonsu abin da zuwan tanar Turai ke kawowa, manoman Ailan kuma suna kan hanyar ganin abin da tafiyarta ke ɗaukewa.

A gida Niyu Zilan ba a lissafa wannan tsutsa cikin maƙiyan manomi. Filayen noma na yankin Canterbury, a tsibirin kudu inda ta fito, sun fi zafi da bushewa a bazara, don haka iyakarta daji da lambuna masu inuwa. Ba wanda zai dube ta a can a 1950 ya ce wannan abar hatsari ce.

Abin da aka gwada

Babu wani maganin feshi da aka amince da shi don kashe ta. An gwada da yawa, kuma wanda ya taɓa ta to ya fi taɓa tanar da ake son ceto. An ga tsutsar wasu buzuzun ƙasa na cin ta, amma ba yadda za su rage ta. An yi maganar wani ɗan ƙuda na tsibirin Tasmaniya da ke Ostireliya, mai suna Planarivora insignis, wanda tsutsarsa ke cin irin waɗannan halittu daga ciki, sai dai ba a taɓa sakin sa ba. Ni ina ganin wannan taka-tsantsan daidai ne. A wasu tsibiran tekun Pasifik an taɓa sakin wata 'yar uwarta, Platydemus manokwari ta Niyu Gini, don ta ci ƙaton dodon koɗin Afirka da ya addabi gonaki, sai ta juya kan ƙananan dodon koɗin tsibiran na asali ta yi musu mummunar ɓarna.

Abin da ya rage wa mai lambu aikin hannu ne. A shimfiɗa baƙar leda ko katako a ƙasa a danne da dutse, a riƙa ɗagawa ana tsince waɗanda suka taru, da safar hannu, a jefa su cikin ruwan zafi ko ruwan gishiri. Wannan na rage su a ɗan lambu, amma da an daina sai na maƙwabta su cike gurbin, kuma ba wanda zai yi haka a hekta hamsin. Ga manomi, shawarar da ta fi ma'ana ita ce a ciyar da tana: a yawaita takin shanu da ruɓaɓɓen ganye don ta samu ƙarfin haihuwa fiye da yadda ake cin ta, a kuma duba gindin dunƙulen ciyawa kafin a shigo da shi daga wata gona.

Inda raunin nan nata na zafi ya yi amfani shi ne wurin masu sayar da dashe. In aka tsoma tukunya cikin ruwa mai ɗumin da ya ɗan haura digiri 30 na ɗan lokaci, manyan kan mutu ba tare da shukar ta lalace ba. Dabara ce mai arha, ba ta buƙatar komai sai baho da ma'aunin zafi. Abin da ke ci mini rai shi ne an gano ta ne bayan kusan shekara talatin da biyar da fara ganin tsutsar a Belfast, lokacin da ta riga ta shiga yawancin gonaki.

Doka ma a makare ta zo. A 1992 aka sa ta cikin jerin halittun da dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta haramta saki ko yaɗawa. A 2019 Tarayyar Turai ta sa ta a jerin baƙin halittu masu ɓarna da aka hana shigo da su, ko ajiye su, ko sayar da su, kuma ita ce ta farko a danginta da ta shiga wannan jeri. Wannan zai iya taimakon ƙasashe masu sanyi da laima da ba ta kai ba tukuna. Amma dokar da ta ce kada ka yaɗa abu da saninka ba ta da ƙarfi sosai a kan ƙwan da ba wanda ya gani. Muddin ana safarar shuka da ƙasarta daga ƙasa zuwa ƙasa, ba jami'in da zai zazzage tukwane dubu goma a tashar jirgin ruwa ya tankaɗe ƙasarsu.

Shi ya sa ba ita ce ta ƙarshe ba. A 1980 an ga wata mai launin ruwan lemo daga Ostireliya, Australoplana sanguinea, a tsibiran Silli da ke kudu maso yammacin Ingila. Ta fi jure ɗumi, kuma ita ma tana take ci. A 2008 aka ga wata daga Kudancin Amurka a tsibirin Guernsey da ke kusa da gaɓar Faransa, mai suna Obama nungara. Sunan daga Tupi ne, wani harshen 'yan asalin Brazil, inda oba ke nufin ganye, ma kuma dabba. Ta bayyana a Faransa a 2013. Jean-Lou Justine na gidan tarihin halittu da ke Paris ya roƙi masu lambu su riƙa aiko masa da hoton duk wadda suka gani, kuma zuwa 2020 hotunan sun nuna ta a gundumomi 72 cikin 96 na ƙasar. Wasu masu lambun sun ce suna tsintar ɗaruruwa a gida ɗaya. A ƙasashe masu zafi kuma akwai Bipalium kewense, mai kai kamar bakin shebur, wadda aka fara bayyanawa a 1878 daga ɗakin rainon tsirrai na lambun Kew a Landan, alhali asalinta kudu maso gabashin Asiya ne. Ita zafi ba ya kashe ta in akwai laima, tana take ci, kuma cikin tukwanen shuka ta zagaya nahiyoyi har da Afirka.